Dokin da Ba Ya Komawa Gida: Sadaukar da Keima a Buɗe Wasan Shogi

A cikin 'ya'ya ashirin da kowane ɗan wasa ke jerawa a allon shogi, darar Japanawa, babu wanda ya kai doki wuyar sha'ani. Keima suke ce masa. Yana tsallake gida biyu gaba, ya karkata gida ɗaya dama ko hagu, shi ke nan iyakarsa. Ba ya gefe, ba ya baya. Dokin darar Turawa yana da wurin sauka har takwas idan yana tsakiyar allo, na shogi kuwa biyu ne kacal, dukansu a gaba. Shi kaɗai ne ke iya haure kan wasu 'ya'ya, amma gidan da ke gaban hancinsa ba shi da iko da shi ko kaɗan. Dakare, wanda shi ne mafi arha a allon, in ya zo ya tsaya a wannan gida, doki ba zai iya cin sa ba, kuma ba zai iya ja da baya ba.

Daga nan ne tsoffin 'yan wasa suka samo karin maganarsu da kowane yaro mai koyo ke haddacewa: dokin da ya yi dogon tsalle abincin dakare ne. Mu ma muna da irinta, tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. To amma duk da wannan gargaɗi, wasu daga cikin hare-hare mafi kaifi a buɗe wasan shogi an gina su ne a kan tura doki ya yi wannan tsallen da gangan, ana sane da cewa ba zai dawo ba. Abin da nake so in warware shi ne me ake saye da ran dokin, da kuma yadda ake gane ko cinikin ya biya.

Sai an fara sanin yadda ake kiran gidaje. Allon gida 81 ne, tara tsaye tara kwance. Lamba ta farko layin tsaye ce, ana ƙirgawa daga hannun daman wanda ke fara wasa, wato sente. Lamba ta biyu sahu ne, ana ƙirgawa daga ɓangaren abokin karawarsa, gote. Gida 65 na nufin layi na 6, sahu na 5. Dawakan sente suna farawa a 29 da 89, na gote a 21 da 81. Sahu uku na ƙarshe a kowane ɓangare su ne yankin ƙarin girma, kuma doki in ya sami ƙarin girma tafiyar zinariya yake komawa yi. Zinariya da azurfa 'ya'ya ne masu tafiya gida ɗaya-ɗaya: zinariya tana zuwa ko'ina ban da baya a karkace, azurfa kuwa gaba ko a karkace kawai. Manyan 'ya'ya biyu ne: hisha mai zarcewa tsaye da kwance, da kaku mai zarcewa a karkace.

Akwai doka ɗaya da ta sa sadaukarwa a shogi ta sha bamban da ta kowace dara. Ɗan da aka ci ba ya mutuwa. Yana komawa hannun wanda ya ci shi, ya ajiye shi a gefen allo, kuma duk lokacin da ya ga dama sai ya dasa shi a gidan da babu kowa, ya zama nasa. Saboda haka in ka ba da doki, asara biyu ka yi a taku ɗaya: naka ya ragu da ɗaya, na abokin karawa ya ƙaru da ɗaya. Kuma dokin da ke hannu ya fi na kan allo haɗari nesa ba kusa ba, domin shi ba ya bukatar tafiya. Daga sama yake faɗowa daidai inda zai kama 'ya'ya biyu lokaci guda.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne ganuwar Mino, wato wani jerin 'ya'ya na kare sarki, wadda masu kai hisha ɓangaren hagu suka fi ginawa. Sarki yana 28, azurfa tana 38, zinariya a 49 da 58. Ta gefe ganuwa ce mai ƙarfi ƙwarai. Amma bari abokin karawa ya sa kaku a 55, sannan ya dasa doki a 36. Dokin yana yi wa sarki barazana kai tsaye, dakaren da ke 37 kuma ba shi da damar cin sa, don da ya gusa kakun zai hango sarki ta 46 da 37. Doki ɗaya da kaku ɗaya, ganuwar da aka ɓata taku da yawa ana ginawa ta tsage. Duk wanda zai ba da doki a farkon wasa, ya kamata wannan hoton ya tsaya masa a rai.

Mu fara da tarkon da ya fi kowane suna, Oni-goroshi, wato mai kashe aljani. Ana danganta yaɗuwarsa da masu baje kolin shogi a bakin titi a zamanin Taisho, tsakanin 1912 da 1926, waɗanda ke tallar sirrin cin wasa ga masu wucewa. Ga yadda yake tafiya. Sente ya tura dakare 76, gote ya tura 34. Sai sente ya ɗaga dokin hagu zuwa 77, gote ya tura dakaren gaban hisha zuwa 84, sai doki ya sake tsalle zuwa 65. Taku uku kacal sente ya yi, dokinsa ya riga ya kai tsakiyar allo, babu mai tsaronsa. Daga 65 yana kallon 53 da 73, kuma 53 a wannan lokaci babu mai gadinsa. In ya sauka can bai karɓi ƙarin girma ba, zinariyoyin gote biyu da ke 41 da 61 duk suna bakinsa.

Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne ɗaga azurfa zuwa 62, ta tsare 53 da 73 gaba ɗaya. Taku ne mai kyan gani, kuma shi ne tarkon. Sente ya tura dakare 75. Gote ya ce to ga ranar karin magana ta zo, ya tura dakare 64 gaban hancin doki. Sai sente ya ci kaku a 22, azurfa ta rama, sannan ya dasa kakun da ya ci a 55. Ku dubi abin da wannan kaku ke gani. Ta ɗaya hannun yana kallon azurfar 22, wadda babu mai kare ta saboda azurfar 62 ta toshe wa hisha hanya a sahu na biyu. Ta ɗaya hannun yana kallon dakaren 64, wanda ake shirin cin doki da shi. Gote ya ceci azurfa zuwa 33, kaku ya cinye dakaren 64, doki ya tsira, kuma yanzu su biyu ne ke danna 53 da 73. Da gote ya kawo zinariya 52, sai sente ya tura dakare 74. Dakaren 73 ba zai iya ci ba, don yana gusawa kaku zai zarce ya ɗauke hisha a 82. Sente ya juyo da nasa hisha zuwa 78, layi na 7 ya ɓalle.

Maganin tarkon taku ɗaya ne, kuma a ganina yana cikin darussa mafi daɗi a duk shogi. Maimakon azurfa, zinariya ake ɗagawa zuwa 62. Komai ya tafi yadda ya tafi a baya har zuwa dasa kaku a 55, sai zinariya ta hau 63. Taku ɗayan nan ya yi aiki uku. Ya kare dakaren 64. Ya buɗe wa hisha sahu na biyu tun daga 82 har 22, azurfa ta sami mai tsaro. Sannan da yake zinariya tana tafiya gefe, daga 63 tana riƙe da 53 da 73. Azurfa ba ta tafiya gefe, in ita ce ta hau 63 sai 53 ya zama kango, doki ya faɗa. Bambancin ke nan gaba ɗaya. Da zinariya a 63, dokin 65 ba shi da wurin zuwa, dakare zai cinye shi, sente kuma bai sami komai ba sai gida a buɗe da sarki a tsakar fili.

Shi ya sa ƙwararru ba sa buga Oni-goroshi a siffarsa ta asali. Dokin a nan ba abin da ya saya, jira kawai yake abokin karawa ya yi kuskure. 

Sadaukarwa ta gaskiya, wadda ake miƙa doki a ce ga shi ka ci, ita ce wadda ake kira Ponpon-kei, wasu kuma na ce mata Tomizawa Kikku saboda ƙwararren ɗan wasa Tomizawa Mikio da ya shahara da ita. Ana yin ta ne a kan mai kai hisha layi na huɗu. Gote yana da hisha a 42, kaku a 33, dakare a 44. Wannan dakaren na 44 shi ne ƙofar gidan: shi ya tare hanyar kakun sente da ke 88, ya hana musayar kaku, wadda a al'adance mai irin wannan tsari ba ya so. Kakun 33 kuma shi ke gadin gida 24, inda hishan sente ke son ɓallewa.

Sente ya kai dokin dama 37. Ya ba da dakare a 24, gote ya ci da dakare. Sai doki ya faɗa 45, daidai bakin dakaren 44, yana barazana ga kakun 33. Gote ya ci doki. To amma dakaren da ya ci ya bar 44, hanya ta buɗe tun daga 88 har 33. Sente ya ci kaku, gote ya rama da dokinsa na 21, sai hishan sente ya ɗauke dakaren 24. Yanzu babu mai gadin layi na 2, gida 21 ma babu kowa, hisha na shirin shiga ya sami ƙarin girma ya zama ryu, ɗan da ya fi kowane ƙarfi a allon. Ko gote ya toshe da dakare a 22, sente yana da dakare da kaku a hannu da zai ɓamɓare toshiyar.

A nan lissafin a fili yake: doki ɗaya a bakin ryu ɗaya. Amma akwai sharuɗɗa, kuma masu gaggawa a nan suke faɗuwa. In azurfar gote tana 32 ba ta hau 43 ba tukuna, ita za ta rama a 33 maimakon doki, kuma daga 33 tana tsare 24. An ba da doki a banza ke nan. Sai an jira ta hau. Na biyu, bayan ƙura ta lafa gote yana riƙe da kaku da doki a hannu, sarkinsa na cikin Mino can nesa da inda ake faɗa, sarkin sente kuwa yawanci yana cikin ganuwa marar kauri, a 78 da zinariya a 58. Gida 66 na kallon waɗannan biyun a tsallen doki. Wato ryu zai yi ɓarna a ɓangaren da babu sarki, dokin da aka bayar kuma zai dawo a ɓangaren da sarki yake. Wannan ne ya sa dabarar ta fi rayuwa a wasannin masu sha'awa da wasannin gaggawa fiye da manyan gasanni. Ni dai ina ganin kowane mai koyo ya kamata ya buga ta, ya kuma tarbe ta, don babu inda ake ganin farashin doki tsirara kamar nan.

Akwai kuma inda abin da doki ke saye ba hanya ba ce, lokaci ne. Ganuwar Anaguma, inda sarki ke shigewa lungu a 11, mashi (ɗan kusurwa mai zarcewa gaba kawai) a 12, azurfa ta rufe ƙofa a 22, ta addabi masu kai hisha gefe shekaru da yawa. In ta kammala, sarki ya yi nisa da duk wata barazana. Rauninta ɗaya, tana cin taku da yawa kafin ta rufu. Fujii Takeshi ya gina tsarinsa a kan wannan rauni. Ya bar sarkinsa a inda ya fara, bai ɓata taku wajen gina ganuwa ba, ya tura dakaren gefe, ya kai dokin dama 37 sannan 25. Daga 25 doki na kallon kakun 33 da gida 13 na gefen lungun, kakun sente kuma na kan layin da ya ratsa 44, 33, 22 har 11, wato hanyar da sarkin gote ke bi da inda zai kwana. Dokin 25 dakare ɗaya a 24 ya ishe shi, kowa ya sani. Amma takun da gote zai ɓata yana farautar doki, shi ne takun da yake bukata ya rufe ƙofa. Sau da yawa ma dokin ba ya jira a ci shi, da kansa yake faɗawa 13 ya fasa gefen. Da wannan tsari Fujii Takeshi ya karɓe kambun Ryuo daga hannun Tanigawa Koji a 1998 da ci huɗu ba ko ɗaya, ya riƙe shi shekara uku a jere.

Inda maganar ta fi zafi a yau shi ne Kakugawari, buɗe wasan da ake musayar kaku tun da wuri, kowa ya riƙe nasa a hannu. Shekaru da dama ana ɗaukar cewa a nan sai an gama jera azurfa da zinariya, sarki ya shiga ganuwa, kafin a taɓa juna. Tura doki 45 shi kaɗai tun ana tsakiyar shiri, abin da malami zai tsawata wa ɗalibi ne a kai. Sai manhajojin kwamfuta suka yi ƙarfi. A 2017 manhajar Ponanza ta doke Sato Amahiko, yana riƙe da Meijin, ɗaya daga cikin manyan kambunan shogi, wasa biyu a jere, kuma a daidai wannan tsakanin matasan ƙwararru irin su Chida Shota suka rungumi nazari da manhaja ba tare da jin kunya ba. Cikin abubuwan da suka fito daga wannan nazari har da cewa tsallen 45 na wuri ba wauta ba ne.

Dalilin yana cikin tsayuwar gote. A Kakugawari azurfarsa ce ke zama a 33, ita ke gadin 24. Doki a 45 yana kallon wannan azurfa da kuma 53. Azurfa ta fi doki daraja, saboda haka gote ba shi da sukunin tura dakare 44 nan take, sai ya fara kawar da ita. Duk inda ta je kuma da abin da za ta bari. In ta hau 44, ta tsaya gaban hancin doki kamar yadda tsohuwar ƙa'ida ta ce azurfa ce maganin doki, to ta saki 24, hisha zai yi musayar dakare a can, kuma in sente yana da dakare a 46 cin dokin na nufin ba da azurfa. In ta koma 22, ta zama bango, ta toshe wa sarkinta hanyar gudu ta wannan ɓangare. In ta koma 42, layi na 2 ya yi sako-sako. Sau da yawa sente kan fara ba da dakare a 35 kafin tsallen, don in hisha ya iso 24 ya tarar da sahu na huɗu a buɗe, ya iya zamewa gefe.

Bayan azurfa ta kauce, dakaren 43 zai hau 44, sannan ya ci doki. Taku biyu ke nan. Dukan dabarar tana cikin waɗannan taku biyun da abin da sente zai iya cusawa a tsakaninsu: musaya a 24, dasa kaku inda zai kama wurare biyu, ko jefa dokin kansa a 53 ya ja zinariya ko sarki daga mazauninsu. In barazanar sente ta ci gaba da zuwa ɗaya bayan ɗaya har gote bai sami numfashin cin doki ba, ko ya ci amma gidansa ya riga ya wargaje, ciniki ya biya. In harin ya tsinke da taku ɗaya tak, sente ya tashi babu doki, kuma dokin zai dawo masa. Manhaja ba ta ƙaryata karin maganar tsofaffi ba, dokin yakan mutu ɗin. Abin da ta nuna shi ne an daɗe ana raina abin da ake samu kafin ya mutu. Wannan ya canza har yadda gote ke jera 'ya'yansa tun daga takun farko-farko: jerin da a da ake yi ido rufe, yanzu sai an duba a kowane taku ko doki zai iya faɗowa 45. Fujii Sota, wanda ba dangin Fujii Takeshi ba ne, ya zama ƙwararre a 2016 yana da shekara 14, daidai lokacin da wannan sauyi ke kankama, kuma Kakugawari na cikin manyan makamansa har ya haɗa kambuna takwas a 2023.

A Yokofudori ma, buɗe wasan da hishan sente ke zamewa gefe ya ci dakaren 34, haka abin yake, sai dai can dawakai biyu ake turawa. Salon ƙwararren ɗan wasa Aono Teruichi yana barin hisha a 34 bayan ya ci dakaren, maimakon ya janye shi, sannan dokin dama ya bi 37 zuwa 45, na hagu kuma in hali ya yi ya bi 77 zuwa 65. Dukansu 53 suke kallo. Na farko ya faɗa a ci shi, na biyu ya faɗa a kan wanda ya ci.

Wanda zai gwada irin wannan a wasansa, kafin ya ɗaga dokin ya ƙirga taku nawa abokin karawa ke bukata ya kawo dakare gaban hancinsa. In dakaren wannan layi yana nan a gidansa, tura shi taku ɗaya ne, ci kuma na biyu. In layin babu dakarensa amma yana da ɗaya a hannu, dasawa zai yi, lissafin bai canza ba. In kuwa dakarensa na wannan layi ya riga ya wuce gaba, doka ta hana shi dasa na biyu a layi ɗaya, dokin ya sami sarari fiye da yadda ake zato. Sannan ya ƙirga barazanar da ke hannunsa wadda dole a amsa, ba wadda yake fata a ji tsoronta ba. Daga nan ya juyo ya dubi nasa gida da idon abokin karawa: ina ne doki zai sauka ya kama sarki da zinariya, ko hisha da azurfa, kuma dakaren da zai cinye shi a can yana da 'yancin motsi ko wani kaku ya ɗaure shi? In akwai irin wannan gida, a kashe taku ɗaya a gyara shi tukuna, ko da hakan na nufin azurfar gote ta sami damar canza wuri kuma tsallen ya wuce.